Ɓarawon Da Ake Buɗe Wa Ƙofa



Sana'ata magana ce. Shekara tara ke nan ina zama gaban makirfo a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Maraɗi, kuma mafi yawan masu saurarena ba su taɓa ganin fuskata ba. Duk da haka sukan kira ni su gaya mini abin da ba za su gaya wa maƙwabcinsu ba, kamar rikicin gado, ko rashin lafiyar maigida, ko bashin da ya hana su barci. In ka tambaye su me ya sa suka amince da ni, sai su ce, "Ai mun san shi." Abin da suka sani kuwa murya ce kaɗai. Wannan amana ita ce jarin duk wani ma'aikacin rediyo, kuma ita ce dai jarin ɗan damfarar da ke kiran mutane a salula. Wannan kamanni ya daɗe yana damuna, shi ya sa nake so mu duba shi tare.

Lokacin da muke koyon aikin jarida a Yamai, malamanmu sun koya mana dabarun riƙe kunnen mai sauraro. Suka ce ka yi magana kamar da mutum ɗaya kake yi, ko da dubbai ke jin ka. Ka yi murmushi, domin ana jin murmushi a cikin murya. In mutum ya kira, ka ambaci sunansa fiye da sau ɗaya. In ka zo kan magana mai nauyi, ka sassauta murya, mutum zai matso da kunnensa da kansa. Kuma kada ka bar shiru ya yi tsawo, don a cikin shiru ne mai sauraro ke tunanin murɗa akwatinsa zuwa wata tasha. Daga baya, da mutane suka fara naɗar kiran ƴan damfara suna turo mana, na zauna na saurari da dama daga ciki. Babu ɗaya daga cikin darussan nan da ban ji ba. Wasunsu ma, in faɗi gaskiya, da za su zo neman aiki a gidan rediyo da an ɗauke su.

Bari in ba ku labarin da ya sa na soma kallon lamarin da idon basira. Wata dattijuwa mai sayar da fura ta zo tasharmu wata safiya, ta ce ni take nema. Ɗanta yana cikin masu haƙar zinariya a arewacin Agadas. A daren jiya, bayan sallar isha'i, wani ya kira ta, ya yi sallama cikin ladabi, ya kira ta da sunan ɗanta na fari kamar yadda ake yi wa manya, ya tambayi lafiyar autarta da sunanta. Sannan ya sassauta murya ya ce shi ma'aikacin asibiti ne, rami ya rufta wa ɗanta, ana bukatar jini da tiyata kafin asuba, kuɗin jikka 150 na Sefa. Ya ce kada ta wahalar da kanta da kiran lambar yaron, wayar ta tafi cikin ramin. Ya ce kada ta tayar wa dangi da hankali tukuna, sai an fito da shi daga ɗakin tiyata. Ya kuma ce ba zai kashe waya ba, zai tsaya tare da ita har ta isa shagon tura kuɗi. Kuɗin adashen mata goma sha biyu ne ke hannunta a ranar, ta ɗauka ta tura. Da gari ya waye sai ga ɗan nata ya kira yana gaishe ta, lafiyarsa ƙalau, bai ma san zancen ba.

Da ta gama, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ni fa ba kwaɗayi na yi ba."

Na ce, "Na sani, Inna."

Ta ce, "To ka faɗa musu a rediyo. Amma kada ka faɗi sunana, kada jikokina su ji."

Mun saba cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma gaskiya ne. Akwai wanda ake kira a ce ya ci mota a gasar da bai taɓa shiga ba, ya kuma tura kuɗin "takardu". Amma wannan karin magana ta sa mun ɗauka duk wanda aka damfara mai kwaɗayi ne ko wawa, mu kuwa da muke da wayo ba za a taɓa mu ba. Inna ba ta nemi ribar ko dala ɗaya ba. Ta ƙofar uwa aka shigo mata. Ɓarawon da ya fasa katanga yana neman inda gini ya yi rauni, shi kuwa wannan yana neman inda halinka ya fi kyau: tausayinka, girmama manya, cika alkawari, kunyar ƙaryata mutum a gabansa. Kai da kanka za ka tashi ka buɗe masa, har ka ce ya yi haƙuri ka daɗe.

Dabarar ba sabuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya ji tatsuniya a gindin kaka ya san Gizo ba shi da ƙarfin ko ɗan akuya, ga shi da tsamin baki, amma ya sa giwa da dorina suka yini suna jan igiya, kowacce tana zaton da Gizo take ja. Abin da ya sani shi ne halin kowacce, da abin da ba za ta jure a ce mata ba. Masana halayyar ɗan Adam sun ɗauki wannan ilimi na Gizo suka auna shi, kuma abin da suka samu ya kamata ya rage mana alfahari.

Mu fara da rigar girma. A shekarar 1966 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Charles Hofling, ya shirya wani gwaji a asibiti. Wani mutum ya riƙa kiran ma'aikatan jinya a waya, ɗaya bayan ɗaya, yana cewa shi likita ne, alhali ba su taɓa ganinsa ba. Sai ya umarce su da su ba wani majinyaci miligiram 20 na wani magani, ya ce yana sauri, in ya iso zai sa hannu a takarda. A jikin kwalin maganin an rubuta ƙarara cewa kada a wuce miligiram 10. Maganin ba ya cikin jerin waɗanda asibitin ya amince da su, kuma dokar asibitin ta hana karɓar irin wannan umarni ta waya. Cikin ma'aikata 22, guda 21 sun ɗauki maganin sun nufi gadon majinyacin, sai da aka tare su. Maganin na bogi ne, ba ya cutarwa, amma su ba su sani ba. Da aka tambayi wasu ma'aikatan jinya abin da za su yi in su ne, mafi yawansu suka ce ba za su bi umarnin ba. Ga masu ilimi, a wurin aikinsu, ba ɗan kowa a cikin rami. Abin da ya tura su kalma ɗaya ce da wata murya ta faɗa: likita. To ina ga tsohuwar da aka tasa cikin dare? A ƙasarmu da yaro ke tashi da koyon cewa ba a yi wa babba gardama, kalmomin "likita", "jandarma", "malam" da "daga ofishinmu na Yamai" sun fi makulli buɗe ƙofa.

Sai gaggawa. Ban taɓa jin kiran damfarar da aka ce wa mutum ya je ya yi tunani zuwa jibi ba. Kullum kafin asuba ne, ko nan da minti goma za a rufe layinka, ko saura mutum biyu a cike gurbi. Tsoro da ɗoki suna ƙuntata tunani, mutum ya daina ganin komai sai abin da aka nuna masa. Shi ya sa mai kiran Inna ya ƙi kashe waya. Ya san darasin da aka koya mana game da shiru. Da ta samu minti biyar ita kaɗai a kan hanyar shago, da wataƙila ta tambayi kanta yadda aka yi ma'aikacin asibitin Agadas ya san sunan autarta.

Na uku, kuma a ganina shi ne ginshiƙi, raba mutum da kowa. A 1951 Solomon Asch ya riƙa tara mutane a ɗaki yana nuna musu layuka a kan kati, yana tambayar wanne ne ya yi daidai da wani a tsawo. Amsar a fili take, ko yaro zai gane. Sai dai duk waɗanda ke ɗakin ƴan haɗin baki ne, ban da mutum ɗaya, kuma sukan haɗu su ba da amsar da ba daidai ba. Kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi taron aƙalla sau ɗaya, suka ƙaryata idonsu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Amma akwai kashi na biyu na gwajin da ba a cika ambata ba. Da Asch ya sa mutum ɗaya tak cikin ƴan haɗin bakin ya riƙa faɗin gaskiya, bin taron ya ragu ƙwarai. Abokin gaskiya guda ya isa ya mayar wa mutum da idonsa.

Ɗan damfara yana aiki da ɓangarorin nan biyu. In yana so ka shiga, sai ya cika maka ɗaki da shaidu. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga haka a zamanin MMM, wadda ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, kafin ta dakatar da biya a watan Disambar 2016. Abin da ya ja mutane shi ne ganin abokin aiki ko ɗan unguwa ya nuna saƙon kuɗin da ya shigo masa, kuma shi ɗin ba ƙarya yake yi ba, an biya shi da kuɗin waɗanda suka shiga bayansa. In kuma yana so ka biya, sai ya kore maka kowa daga ɗakin: kada ka gaya wa dangi, sirri ne tsakaninmu, mahassada za su ɓata maka. Duk inda ka ji an haɗa maka neman kuɗi da "kada ka gaya wa kowa", to an gaya maka ko wane ne ke magana.

Akwai kuma tsani. Ba a fara tambayarka babban abu. Za a ce, "Da Malam wane nake magana?" ka ce e. "Kana Maraɗi ko?" ka ce e. "Wani saƙo ya shigo maka yanzu, ka gani?" ka ce e. "Karanto mini lambobin da ke ciki." Kafin a zo nan ka riga ka saba da amsawa, kuma Bahaushe yana jin nauyin ya fara tafiya da mutum sannan ya juya masa baya a tsakiyar hanya. Wanda ya tura jikka biyar na "rajista" ya fi saurin tura hamsin na "kwastan", don in ya tsaya sai ya yarda cewa biyar ɗin farko sun tafi a banza, zuciya kuwa ba ta son wannan hukunci.

Kada wani ya ce wannan matsalar marasa boko ce. A watan Yulin 2020 aka shiga shafukan Barack Obama da Bill Gates da Elon Musk a Twitter, aka rubuta cewa duk wanda ya turo kuɗin intanet za a mayar masa ninki biyu. Masu kutsen ba su fasa wata na'ura mai wuyar fasawa ba. Waya suka buga wa ma'aikatan kamfanin, suka yi kamar abokan aiki ne, har aka ba su hanyar shiga. Wanda aka kama a matsayin jagoran abin yaro ne ɗan shekara 17 daga jihar Fulorida. A farkon 2024 kuma, a Hong Kong, wani ma'aikacin sashen kuɗi na wani babban kamfani ya shiga taro ta bidiyo, ya ga fuskokin shugabanninsa, ya ji muryoyinsu, ya tura kimanin dalar Amurka miliyan 25. Duk fuskokin da muryoyin kwamfuta ce ta ƙera su. Mun gaji cewa gani ya kori ji. Yau ganin ma yana bukatar shaida, balle murya a cikin dare.

Wannan ya dawo da ni kan kujerata, domin rediyo ta san ƙarfin murya tun kafin a haifi salula. Ranar 21 ga Satumban 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, wata mawaƙiyar Amurka mai suna Kate Smith ta shafe awa 18 a tashar CBS tana roƙon mutane su sayi takardun lamunin yaƙi na gwamnati. A wannan yini aka yi alkawarin dalar Amurka miliyan 39. Masanin zamantakewa Robert Merton ya bi masu sauraron yana tambayarsu dalili, ya fitar da littafi a kai a 1946. Abin da ya yi ta fitowa daga bakinsu shi ne sun yarda da gaskiyar zuciyarta, don sun ji tana wahalar da kanta tun safe har dare. Mutane sun sayi matar ne kafin su sayi takardar.

Shekara hamsin bayan haka, a 1993, aka buɗe tashar RTLM a Kigali ta ƙasar Ruwanda. Da kiɗan zamani ta fara, da barkwanci, da hira irin ta majalisar shayi, har matasa suka ɗauke ta tamkar abokiya. Da kisan kiyashi ya ɓarke a 1994, muryoyin nan da aka saba dariya da su ne suka riƙa karanta sunayen mutane da wuraren da suka ɓuya. An kashe kimanin mutum dubu 800 cikin kwana ɗari. A 2003 kotun duniya da ke zama a Arusha ta samu ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa tashar, Ferdinand Nahimana, da laifi. Ba na iya tuna wannan tarihi ba tare da na ji nauyin makirfon da ke gabana ba. Sabo ake fara ginawa, a hankali, da gaisuwa da raha. Abin da za a ɗora a kansa daga baya ya danganta da wanda ke riƙe da shi.

Ina ganin ƙaramin misalin haka kusan kowane wata. Masu talla sukan zo da maganin da ke warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa a kwalba ɗaya, ko da wata harkar zuba kuɗi mai riba kamar ruwan sama. Ba sa son a naɗi tallar da muryar wani a saka tsakanin shirye-shirye. So suke in karanta da bakina a tsakiyar shirina, kuma a shirye suke su ninka farashi. Wani ya taɓa ce mini, "Malam, ai ba lokaci muka zo saye ba, kai mutane ke ji." Na gode masa da ya faɗi gaskiya, na ce ya kawo takardar hukumar lafiya, ya ce zai dawo. Har yau ina jira. Amanar da yake son saye ba tawa ba ce balle in sayar. Ta masu sauraro ce, ajiya suka ba ni.

Haka kuma a shirin gaishe-gaishe. Zumunci ne ke sa mutum ya kira ya jero sunan matarsa da ƴaƴansa, ya gaida ƙaninsa da ke Agadas da wansa da ke Libiya, ya ƙara da cewa Alhaji ya tafi Umara sai bayan sati biyu. Da zuciya ɗaya yake faɗa, amma ba duk mai kunne ne ke saurare da zuciya ɗaya ba. Ƙa'idata a shirin ita ce a yi gaisuwa, a bar zancen wanda ya yi tafiya da wanda ya turo saƙo, kuma ba a karanta lambar kowa. Abin da ake zubawa a Facebook da zaurukan WhatsApp na dangi ya ma fi haka yawa. Da ɗan gari akan ci gari, yanzu kuwa mu ne ƴan garin da ke ba da labarin gidajenmu kyauta.

To mene ne abin yi? Ba na cikin masu cewa a daina yarda da kowa. Kasuwar Maraɗi da amana take tafiya, ana ɗaukar kaya na miliyoyi da kalmar baki, kuma al'ummar da kowa ke zargin kowa ta yi asarar da ta fi ta kuɗi. Abin da nake roƙon masu saurarena ƙanana ne. In an kira ka da labarin tashin hankali, ka kashe wayar ka kira da kanka ta lambar da ka sani, ko ta wani da ke kusa da mutumin. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, likitan gaske ba zai hana uwa neman ɗanta ba. Kafin kuɗi su bar hannunka, ka gaya wa mutum ɗaya, ko da yaron gida ne, domin shi ba a tsorata shi ba, kansa a sake yake. Lambar sirri da lambobin da ke shigowa ta saƙo ba a karanta wa kowa su, ko da ya ce daga kamfani yake. Kowane gida kuma ya samu tambayar da ɗan gida kaɗai zai iya amsawa, kamar sunan da kaka ke tsokanar wane da shi. Masu shagunan tura kuɗi ma suna da rawar takawa. In ka ga tsohuwa ta shigo cikin dare, waya manne a kunne, hannu na rawa, tambaya ɗaya cikin ladabi, "Inna, kin yi magana da shi da kansa?" tana iya zama abokin gaskiyar nan guda da Asch ya gano.

Abu na ƙarshe ya shafe mu duka. Dariyar da muke yi wa wanda aka damfara ita ce babbar garkuwar ɗan damfara. Saboda ita ne mutum ke haɗiye asararsa ya yi shiru, ba ya zuwa wurin ƴan sanda, ba ya gargaɗin maƙwabci, sai lambar da ta cuce shi ta cuci mutum goma a unguwa ɗaya da labari iri ɗaya. In ɗan uwanka ya daure ya gaya maka an yi masa, ka riƙe "ai da ni ne" a cikinka, domin ma'aikatan jinyar nan ma haka takwarorinsu suka ce. Ka tambaye shi yadda aka fara, da kalmomin da aka yi amfani da su, sannan ku gaya wa na gaba.

Allah Ya tsare mu da sharrin mai daɗin baki, Ya mayar wa waɗanda aka zalunta da mafificin alheri, Ya kuma ba mu ikon riƙe amanar waɗanda suka ba mu kunnensu.